Wurno: Gidan da Sarkin Musulmi Bello Ya Gina a Bakin Daga

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana da gida a Sakkwato, kuma ba ƙaramin gida ba. Shi ya zaɓi wurin da aka kafa birnin a 1809, shi ya tsaya aka ja masa ganuwa. Can mahaifinsa, Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya tare a 1815, can kuma aka yi masa makwanci a 1817. Wanda ya gaji gari irin wannan, kowa zai sa ran a cikinsa zai tsufa. Amma Bello ya ƙarasa rayuwarsa a wani gida dabam, tafiyar yini guda arewa maso gabas da Sakkwato, a kan tudun da Gulbin Rima ya kewayo. Nan ne Wurno. Nan ajali ya riske shi a 1837, nan kabarinsa yake, kuma daga wannan gida aka yi shekaru masu yawa ana juya daular da ikonta ya kai Adamawa da Ilori.

Sarki ya yi gida a bayan gari ba baƙon abu ba ne. Sarakunan Kano suna da Fanisau da Takai da Ɗorayi da Nassarawa, wasu gidajen gandu ne, wasu na shan iska, wasu na tsaro. Attajirai da masu sarautar Ingila ma sun shahara da manyan gidaje a karkara, inda suke zuwa hutu da farauta. Gidan Wurno ya fi kama da Fanisau ta zamanin Sarki Ibrahim Dabo, lokacin da yake fama da tawayen Ɗan Tunku. Sunan da malamai suka ba irin wannan zama shi ne ribaɗi, wato mutum ya tare a bakin iyaka yana gadin jama'a, yana neman lada da wannan gadin. Bello ya ɗauki gidansa da iyalinsa da littattafansa ya kai su wurin da abokan gaba suke ɓullowa. A ganina duk wani abu da za a faɗa game da ginin Wurno daga nan ya kamata ya fara.

An ci Alƙalawa a 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a wurin, mutane suka ɗauka an gama. Ba a gama ba. Shehu na rasuwa, Abdussalami ya yi tawaye a Kware, ƙasar Zamfara ta motsa, Gobirawa suka sake haɗa kai, Kabawa suka tashi a yamma, Azbinawa kuma yau suna tare da kai gobe suna tare da maƙiyinka. Kwarin Rima shi ne hanyar da mahara suke bi daga Gobir su gangaro har kusa da Sakkwato. Rundunar jihadi kuwa ta manoma da makiyaya da almajirai ce, ana tara ta da rani, da hadari ya haɗu kowa ya koma gonarsa. Rundunar da take watsewa kowace damina tana iya cin gari, amma ba ta iya tsare mai noma a fadama. Baturen nan ɗan Ingila, Hugh Clapperton, ya ga abin da idonsa a 1826, lokacin da aka kai wa Gobirawa hari a Konya aka dawo ba a shiga garin ba.

Bello ya fahimci cewa maganin wannan shi ne garuruwa masu ganuwa, jere a kan hanyar mahara, kowane da mayaƙansa da gonakinsa da masallacinsa. Ya rubuta littafi sukutum kan ribaɗi da gadi. A amsar da ya aika wa wani malami, Muhammadu Jailani, ya yi bayanin dalilin da ya sa yake son Fulanin daji su zauna wuri guda, a gina musu gari, a naɗa musu liman, a koya wa 'ya'yansu karatu, su ƙara himma wajen kiwon dawaki da raƙuma da ƙananan dabbobi, waɗanda ba sa tilasta wa mai su yawon da shanu suke sa shi. Bai tsaya ga umarni ba. Ɗansa Aliyu ya riƙe Shinaka, a ƙasar Goronyo ta yau. Wani ɗansa, Fodiyo, ya riƙe Lajinge. Rabah ta zama ta ɗansa Abubakar. Ƙanen Bello, Atiku, ya zauna Bakura, daga baya Kware ta koma hannun Isa, autan Shehu. Bello kuma ya fara zama a Magariya, inda Clapperton ya same shi ana ta aikin gini, kafin a 'yan shekarun da suka biyo ya hau tudun Wurno.

Duk wanda ya san wurin zai ga abin da idon Bello ya gani. Tudun marmara ne da ya turo kai cikin kwari, mai tsaye a kansa yana hango fadama har inda ido ya gaza. Da damina ruwa yakan malale ƙasan ya zama kariya da ba mutum ya haƙa ba. Da rani kuma wannan fadama ita ce abinci: shinkafa, alkama, albasa, ciyawar dawaki. Gari na ribaɗi ba ya rayuwa in sai an kawo masa hatsi daga nesa, domin ranar da aka tare hanya ranar yunwa ta shigo. Wurno tana da tsaro a sama, abinci a ƙasa.

Irin ginin da Bello yake so kuwa, muna da shaidar wanda ya shiga gidansa na Sakkwato. A zuwansa na farko a 1824, Clapperton ya tarar da Sarkin Musulmi zaune a kan ƙaramar darduma tsakanin ginshiƙai biyu, a ɗaki mai rufin ciyawa, bango da ginshiƙan an shafe su da fari da shuɗi. Wata rana aka shigar da shi wani soro mai kusurwa huɗu, rufinsa tulluwa ce da bakuna takwas suka ɗauke ta, an kafa tasar tagulla mai walƙiya a tsakiya, ga kuma baranda a sama mai kaiwa ga ɗakunan bene. A zuwansa na biyu ya ce gidan kamar ƙaramin gari yake: katanga doguwa, ƙofa gabas da yamma, soraye biyar, ƙaramin masallaci, lambu, da ɗakuna masu yawan gaske. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninsa shi ne ɗakin da Bello yake sauraron ƙararraki da karɓar baƙi. Shi ne mafi sauƙin gini a gidan, har Baturen ya ga bai wuce rumfa ba. Gwanintar magina tana ciki, amma inda talaka yake haɗuwa da shugabansa ba a yi masa abin da zai firgita shi ba.

Wannan ba ƙarancin magina ba ne. Clapperton ya gana da wanda yake gina masallacin Waziri Giɗaɗo, mutumin Zazzau, wanda ya ce mahaifinsa ya je Masar ya koyo gini ya bar masa takardunsa. A wannan zamanin ne kuma Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya, wanda har yau ake misali da bakunansa. Mutanen Sakkwato sun san ado, suka taƙaita shi da gangan. Shehu ya soki sarakunan da ya yaƙa kan almubazzaranci da ƙawa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya taɓa barin jama'a ya nufi Kano a 1807 saboda baƙin cikin son duniyar da ya gani ya fara shiga zukata. Ɗan da ya tashi a gaban waɗannan mutane biyu ba zai gina fadar da za a zo kallo ba, balle a garin da aka kafa don gadi.

Tsarin gidan sarauta na wancan lokaci sananne ne, kuma har yau ana ganin sawunsa a tsofaffin gidajen hakimai daga Wurno zuwa Rabah. Daga waje sai zaure, inda dogarai da masu jiran iso suke zama. Ka wuce shi ka faɗa fili, wurin dawaki da barori da masaukin baƙi. Daga nan sai wani zauren, wani lokaci biyu ko uku a jere, kowane ƙofarsa ta kauce wa ta gabansa don kada ido ya zarce ciki. Sai shigifa, iyakar inda namiji baƙo yake kaiwa. Bayanta cikin gida ne: turakar mai gida, ɗakunan mata, madafa, rijiya, da rumbuna. Tsarin yana amsa tambaya guda, wato wa ya isa ya kai ina. Mai ƙara yana da wurinsa, malami yana da nasa, waziri yana wuce su, uwar gida kuma tana da duniyarta da babu mai shiga sai da izini.

Kayan aikin duk daga ƙasar suke. Ana kwaɓa ƙasa da ruwa da busasshiyar ciyawa, a tattake ta, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bango, yaransa suna jefo masa tubali da curin ƙasa yana cafewa, yana jera su kai sama. Bangon yakan fara da kauri ƙwarai a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa, shi ya sa tsohon soro yake da sanyi a watan bazara, ranar da kwano yake gasa mutane. Rufi kuwa aikin azara ne, wadda ake tsagawa daga giginya, itacen da gara ba ta cika yi masa illa ba. Sai dai azara tana da iyaka: in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6 ba abin da ya tallafe ta, nauyin ƙasar da ke kanta zai lanƙwasa ta. Duk hikimar ginin Hausa ta taso ne daga neman hanyar wuce wannan iyaka. Hanya mai sauƙi ita ce a kafa ginshiƙai, kamar yadda aka yi a ɗakin shari'ar Bello da tsofaffin masallatan Sakkwato. Hanyar gwanaye ita ce baka: a dasa azara cikin bango tana leƙowa, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, a bi da igiya da ƙasa, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a sama su zama bakan gizo. In bakuna suka gitta juna aka ɗora tulluwa, an sami ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya.

Abokin gabar wannan gini shi ne ruwa. Don haka ake shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, a shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, a sa indararo mai tsawo ya watsa ruwa nesa da gindin bango. Duk da haka kowace shekara bayan damina sai an bi an toshe tsaga an sake yaɓe. Gidan ƙasa yana tsaye ne muddin akwai masu kula da shi, kuma shekara biyu ko uku na sakaci sun isa su kayar da abin da ya yi shekara ɗari. Gidan sarki a garin ribaɗi yana bukatar hannaye da yawa, ganuwa kuma ta fi shi bukata, shi ya sa gyaranta yake aikin gayya, kowace unguwa da rabonta.

A cikin irin wannan gida Bello ya zauna yana mulki yana rubutu. Mutum ne da ya yi littafi kan tarihin ƙasashen Tukururu, Infaƙul Maisuri, tun 1812, ya yi wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafi kan tushen siyasa, ya kuma rubuta kan magani, har da ciwon ido da basur. Sarakunan gabas suna aiko da wasiƙu da gaisuwa, malamai suna zuwa da mas'aloli. Alhaji Umaru Futi, bayan dawowarsa daga Makka, ya yi shekaru tare da Bello, ya auri 'yarsa, bai tashi ba sai bayan rasuwarsa, ya je ya kafa tasa daular a yamma. A 1836 Bello ya fita ya gamu da taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke, ya yi nasarar da ta fi kowace girma a sarautarsa. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk a wurin suka mutu. Shekara ta zagayo ciwo ya kwantar da shi, Allah Ya karɓi ransa a watan Rajab na 1253, wato Oktoba 1837. Aka rufe shi a Wurno, a wurin da ya zaɓa ya yi gadi. Waziri Giɗaɗo ya rubuta labarin halayensa, ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya.

Da kabari ya shiga gidan, matsayinsa ya sauya. Atiku, wanda ya gaji Bello, ya yi shekara biyar ya rasu a Katuru a 1842 bayan yaƙin Tsibiri. Da sarauta ta dawo ga Aliyu Babba ɗan Bello, sai ya zauna a Wurno, daga 1842 zuwa 1859. A zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya zo. Ya sami Sarkin Musulmi a sansanin Gawasu a farkon Afrilun 1853 yana shirin fita yaƙi da Gobirawa, aka tura shi Wurno ya jira. Ya ƙiyasta mutanen garin tsakanin 12,000 da 13,000, ya ga gidaje a cushe a kan tudu, ya kuma ji yadda labarin mahara yake tayar da hankalin mutane, shekara 17 bayan Gawakuke. A nan ya haɗu da Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, wanda iliminsa na tarihi ya burge shi ƙwarai. Barth ya lura cewa manyan fada da yawa sun bi sarki Wurno sun bar gidajensu na Sakkwato. Kasuwa da hubbaren Shehu suna Sakkwato, hukunci yana Wurno.

Ba kowane Sarkin Musulmi ne ya zauna nan ba. Ahmadu ɗan Atiku ya fi son nasa ribaɗin na Cimmola. Amma Umaru ɗan Aliyu Babba a Wurno ya karɓi Joseph Thomson a 1885, wakilin kamfanin Ingila mai ciniki a Kwara, aka sa hannu a takardar da Turawa suka riƙa kafa hujja da ita a gaban Faransa da Jamus cewa ƙasar ta shiga hannunsu, alhali fadar Sarkin Musulmi ba ta taɓa ɗaukar ta a matsayin sallama ƙasa ba. Abdurrahman, wanda ake kira Ɗanyen Kasko, ko da yake ɗan gidan Atiku ne, shi ma a Wurno ya karɓi William Wallace na wannan kamfani a 1894, kuma a zamaninsa aka yi basasar Kano. Abin baƙin ciki ne a ce gidan da aka gina yana fuskantar arewa, inda aka saba ganin ƙurar mahara, ta zaurensa abokin gaba na ƙarshe ya shigo daga kudu, da takarda da kyaututtuka. Abdurrahman ya rasu a 1902. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas har ya yi shahada a Burmi. Turawa suka tsayar da fada a Sakkwato kusa da Razdan, Wurno ta koma garin hakimi, ƙarƙashin Sarkin Sudan.

Rabah ma haka ta koma, sai dai ta sake fitar da mutum. Abubakar na Rabah ɗan Bello ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Jikansa Ahmadu, wanda aka haifa a Rabah a 1910 ya kuma zama hakiminta a 1934, shi ne Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Sunan Bello da yake amsawa daga mai gidan Wurno ya samo shi.

Kwarin da Bello ya hango yana nan yana ciyar da mutane. Shinkafar Wurno da albasarta da tafarnuwarta sun san kasuwannin nesa. An gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, ruwan da ake tarewa a can shi ake sha a Sakkwato, shi kuma ya yi ɓarna mai yawa a ambaliyar 2010. Abin da ba wanda ya zaci zai dawo shi ne dalilin da ya sa aka gina Wurno tun farko. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, a Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutane da yawa suka rasa rayukansu, ƙauyuka suka watse, manomi ya koma yana tsoron gonarsa. Ta gabas da arewa suke zuwa, ta dazuzzukan da mahara suka bi shekara 200 da suka wuce. Ba na cewa ganuwar ƙasa za ta tare bindigar yau. Ina cewa mutumin da ya fuskanci wannan matsala kafin mu ya haɗa tsaro da noma da makaranta da zaunar da makiyayi a tsari guda, ya kuma kwana inda talakawansa suke kwana.

Masu ziyara suna zuwa hubbaren Bello har gobe, su yi addu'a su koma. Kaɗan ne suke tsayawa su tambayi inda ganuwa ta bi, inda ƙofofi suke, wane zaure ne na wane. Siminti da kwano sun cinye tsofaffin unguwanni a duk ƙasar Hausa, giginya ta yi ƙaranci, maginin da ya iya ɗaura baka ya tsufa, ɗansa kuma bulo ya koya. Zariya ta nuna mana abu biyu. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya auna masallacin Babban Gwani ya zana shi dalla-dalla, har aka gina kwafinsa a gidan tarihi na Jos. A Agustan 2023 kuma wani sashe na masallacin ya rufta kan masallata. Abin da aka auna ya tsira a takarda, abin da aka bari ba gyara ya ci rayuka.

Majalisar Sarkin Musulmi da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da malamai da ɗalibai da suka isa wannan aiki. A je Wurno da Rabah da Shinaka da Magariya, a auna abin da ya rage na ganuwa da zauruka da masallatai, a zana taswirarsu, a ɗauki maganar dattawa da tsofaffin magina a rubuce da murya, a sa yara biyar ko goma su koyi tubali da azara a hannunsu da albashi. A fara da ranin bana, kafin wata daminar ta sauka.